Gangamau, Kumburin Hanji da Sankara: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Sinadarin Kurkumin

Gangamau, wanda a kasuwanni da yawa aka fi sani da kurkur, ya daɗe a hannun masu sayar da kayan yaji da masu maganin gargajiya. A 'yan shekarun nan sunansa ya bar tukunya ya shiga tallan magani, har ana cewa yana warkar da gyambon hanji, yana kuma kashe sankara. Daga cikin maganganun nan akwai wadda bincike ya ba ta ɗan goyon baya, akwai wadda aka gwada ta faɗi warwas, akwai kuma wadda ba a taɓa tabbatar da ita a jikin ɗan Adam ba.

Mene ne kurkumin, kuma mene ne bambancinsa da gangamau?

Gangamau saiwa ce ta wani tsiro ɗan uwan citta, wanda asalinsa daga kudancin Asiya yake, kuma har yau Indiya ce ke noma mafi yawan wanda ake ci a duniya, ko da yake ana noma shi a Najeriya ma, musamman a kudancin Kaduna inda ake noman citta. Idan aka karya ɗanyensa za a ga cikinsa rawaya mai ɗaukar ja, kuma launin yana kama yatsu ya kwana bai fita ba. Sinadarin da ke ba shi wannan launi shi ne kurkumin. Masana biyu, Vogel da Pelletier, su ne suka fara ware shi a shekarar 1815, sannan aka gano tsarin ƙirarsa a 1910.

Abin lura shi ne kurkumin ɗan ƙaramin kaso ne na saiwar, yawanci tsakanin kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na busasshen gari, sauran kuwa sitaci ne da mai da ɓawo. Saboda haka duk inda aka ce an gwada kurkumin a asibiti, tataccen sinadari ake nufi wanda aka cusa a kafso, ba garin da ake ɗaurewa a leda a kasuwar Kurmi ba. Haka kuma gangamau daban yake da saiwar rawaya da ake samu a dajinmu. Launinsu ya yi kama, amma tsirran ba ɗaya ba ne, kuma binciken da za a ambata a nan bai shafi rawaya ba.

Wane irin kumburin hanji ake nufi?

Ba kowane ciwon ciki ko gudawa ba ne. Ana nufin wasu cututtuka biyu masu daɗewa, waɗanda a cikinsu garkuwar jiki ke juyowa ta riƙa cin bangon hanjin mai ita. Ta farko ita ce gyambon babban hanji, wadda likitoci ke kira kolaitis: tana farawa daga dubura ta yi sama, tana cin fatar ciki ta babban hanji kawai. Mai wannan ciwo idan ya tashi masa yakan zaga sau shida ko goma a yini, da jini da majina, yakan farka tsakar dare da matsuwa, kuma sau da yawa ba ya iya riƙe alwala daga wannan salla zuwa waccan. Bayan makonni ciwon ya lafa kamar an warke, sai kuma ya dawo. Ta biyu ita ce cutar Crohn, wadda ke iya kama ko'ina daga baki har dubura, tana cin bangon hanji da zurfi, har takan toshe shi ko ta huda shi.

A ƙasashenmu akwai cututtuka da dama da ke zuwa da irin waɗannan alamu, kuma sun fi waɗannan biyun yawa nesa ba kusa ba: atuni na ƙwayar amiba, tsutsar tsargiya mai kama hanji, tarin fuka na hanji, da basir. Kowannensu yana da maganinsa na daban, wasu ma kwana kaɗan ake sha a rabu da su. Mutumin da ke fama da amiba ya zauna yana shan kurkur ya ɓata wa kansa lokaci, wanda kuma ke da tarin fuka na hanji aka ɗauka Crohn ce aka ba shi maganin danne garkuwar jiki, an jefa shi cikin haɗari. Ana bambance su ne da gwajin bayan gida, da gwajin jini, da leƙa cikin hanji da na'ura mai kyamara, wato kolonoskofi, inda ake tsinko ɗan nama a duba.

Mece ce alaƙar kumburin hanji da sankara?

Bangon hanjin da ya yi shekaru yana gyambo yana warkewa, ƙwayoyinsa suna ta rabuwa don cike gurbin waɗanda suka mutu, kuma sinadaran da kumburi ke fitarwa suna lahanta kundin gadon da ke cikin ƙwayoyin. A hankali kurakurai ke taruwa har wani ɓangare ya fara girma ba bisa ƙa'ida ba. Wani nazari na shekarar 2001 da ya tattara bincike masu yawa ya ƙiyasta cewa masu gyambon babban hanji da ke kamuwa da sankara sun kai kashi 2 cikin 100 bayan shekara 10, kashi 8 bayan shekara 20, da kashi 18 bayan shekara 30. Binciken baya-bayan nan ya samu adadi ƙasa da haka sosai, kuma ana danganta raguwar da ingancin magani da yawan duba hanji. Wannan haɗari ne ya sa ake fara yi wa mai gyambon hanji kolonoskofi na sa ido bayan kimanin shekara 8 da fara ciwon, ko da yana jin lafiya lau.

Duk da haka, mafi yawan masu sankarar babban hanji ba su taɓa yin gyambon hanji ba. Tasu takan fara ne daga wani ɗan tsiro da ke fitowa a bangon hanji, wanda kan ɗauki shekaru kafin ya rikiɗe. A ƙididdigar hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2022, mutum miliyan 1.9 ne suka kamu da sankarar babban hanji da dubura a shekarar, sama da 900,000 kuma suka rasu, abin da ya sa ta zama ta biyu wajen kisa a cikin nau'o'in sankara.

Ta yaya ake zaton kurkumin yana aiki?

A ɗakin gwaje-gwaje an ga yana danne wani furotin mai suna NF-kB, wanda shi ke umartar ƙwayar halitta ta fara fitar da sinadaran kumburi irin su TNF da IL-6. An ga yana rage wani furotin na kumburi mai suna COX-2, wanda asfirin da danginsa ma ke dannewa, an kuma ga yana sa ƙwayoyin sankara da aka raina a faranti su mutu. A jikin ɓeraye da aka jawo wa ciwon hanji da gangan, ko aka haife su da gadon tsiron hanji, haɗa musu kurkumin a abinci ya rage kumburi da yawan tsiron.

Inda gizo ke saƙar shi ne jikin mutum. Kurkumin ba ya narkewa a ruwa, hanji ba ya tsotsarsa sai ɗan kaɗan, kuma ɗan abin da ya shiga, bangon hanji da hanta suna sauya shi nan take a fitar. A wani gwaji da aka yi a Taiwan a 2001 an ba mutane har giram 8 a rana tsawon wata uku, amma abin da aka samu a jininsu bai taka kara ya karya ba. Ga cututtukan da ke nesa da ciki, wannan babban cikas ne. Ga babban hanji kuwa lamarin ya ɗan bambanta, domin abin da jiki bai tsotsa ba ta nan yake bi ya wuce, yana gogar wurin da ciwon yake. Masu bincike a Leicester ta Ingila sun ba masu jiran tiyatar sankarar hanji giram 3.6 a rana, da aka duba naman da aka yanko sai aka tarar da sinadarin a cikinsa. Wannan ne dalilin da ya sa daga cikin dukkan cututtukan da ake jingina wa kurkumin, na hanji ne suka fi cancantar a ɗauke su da muhimmanci.

An gwada shi a kan masu gyambon babban hanji?

An gwada, kuma a nan ne hujjarsa ta fi ƙarfi. Gwaji na farko mai nauyi an yi shi a Japan, aka wallafa a 2006. An ɗauki mutum 89 waɗanda ciwonsu ya lafa, dukkansu suna kan maganin asibiti, wato mesalazin ko salfasalazin. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a: rabi aka ƙara musu kurkumin giram 1 safe da yamma, rabi aka ba su ƙwayar wofi mai kama da shi amma babu magani a cikinta, kuma daga likita har majiyyaci babu wanda ya san wa ke shan me. Bayan wata shida, ciwon ya dawo wa mutum 2 cikin 43 na masu kurkumin, ya dawo wa 8 cikin 39 na ɗaya ɓangaren.

Na biyu an yi shi a Isra'ila da Hong Kong da Cyprus, aka wallafa a 2015, a kan mutum 50 waɗanda ciwonsu ke tashe duk da suna shan cikakken mesalazin. An ƙara wa 26 kurkumin giram 3 a rana tsawon wata ɗaya, sai 14 daga cikinsu ciwon ya lafa musu, alhali a cikin 24 da suka sha ƙwayar wofi babu ko ɗaya. Wannan sakamako yana da ban sha'awa, amma mai lura zai tsaya a kan sifilin nan, domin a yawancin gwaje-gwajen wannan cuta akan samu wasu da ke samun sauƙi ko da ƙwayar wofi suka sha, kuma mutum 50 ba su da yawan da za a yanke hukunci da su. A Indiya kuma, wani gwaji na 2017 da ya yi amfani da miligiram 450 kacal a rana bai nuna wani amfani ba, abin da ke nuna cewa adadin da aka sha yana da tasiri.

Abu uku ne suka haɗa gwaje-gwajen da suka yi nasara. Dukkansu a kan masu ciwo mara tsanani ko matsakaici aka yi su, dukkansu ƙanana ne na gajeren lokaci, kuma babu wanda a cikinsa aka janye maganin asibiti. Ƙari aka yi a kansa. Ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2019, ba ta ce a sha ba, ba ta kuma ce a bari ba, ta ce hujjar ba ta kai ba tukuna. A ganin mai wannan rubutu, wannan matsaya ce mai adalci: akwai alamar amfani ta gaske wadda ta isa a tattauna da likita a kanta, amma ba ta isa a ajiye mesalazin saboda ita ba. Mai ciwo mai tsanani kuwa, wanda ke zubar da jini da yawa da zazzaɓi, kwanciya asibiti yake bukata, da magunguna irin su furednisolon ko infiliksimab.

Cutar Crohn fa?

A nan labarin ba shi da daɗi. A Faransa an gwada shi a kan mutum 62 da aka yi wa tiyatar Crohn, dukkansu suna shan maganin danne garkuwar jiki mai suna azatayofirin, aka ƙara wa rabi kurkumin giram 3 a rana tsawon wata shida. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna babu bambancin a zo a gani wajen dawowar ciwon, kuma dawowa mai tsanani ta fi yawa a ɓangaren masu kurkumin, kashi 55 cikin 100 a kan kashi 26. An dakatar da gwajin tun kafin wa'adinsa.

Yana hana kamuwa da sankarar hanji?

Ba a nuna hakan a jikin mutane ba, kuma tarihin yadda aka gwada ya cancanci a ba da shi dalla-dalla. Akwai wata cuta ta gado da ke sa ɗaruruwan tsiro su fito a hanjin mutum tun yana matashi, kuma idan ba a cire hanjin ba kusan tabbas sai ta zama sankara. Masu wannan cuta su ne suka fi dacewa a gwada maganin rigakafi a kansu, tun da ana iya ƙirga tsiron kafin da bayan magani. A 2006 aka wallafa wani ƙaramin gwaji a kan mutum 5, waɗanda aka ba kurkumin haɗe da wani sinadari mai suna kwasetin, aka ce yawan tsiron ya ragu da kimanin kashi 60 cikin 100. Wannan adadi ya zaga duniya, kuma har yau ana ganinsa a tallan kafso.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, jagorar wancan bincike da abokan aikinta sun koma sun yi gwajin yadda ya kamata a Puerto Rico da asibitin Johns Hopkins, da mutum 44, da ƙuri'a, da ƙwayar wofi, giram 3 a rana har shekara guda. Sakamakon ya fito a 2018: babu bambanci a yawan tsiron, babu bambanci a girmansa. Gwajin mutum 5 ba shi da rukunin da za a kwatanta da shi, don haka babu yadda za a raba aikin magani da sauyin da kan faru da kansa.

Hanyoyin da aka tabbatar suna rage haɗarin sankarar hanji sanannu ne: gano tsiro a cire shi da kolonoskofi tun bai rikiɗe ba, barin taba da giya, rage ƙiba, motsa jiki, rage naman da aka sarrafa, da cin hatsi da dusarsa da wake da ganye. Ga mai gyambon hanji kuma, babbar rigakafinsa ita ce ya riƙe ciwon a lafe kuma kada ya tsallake ranar dubawa.

Wanda aka riga aka tabbatar yana da sankara, zai iya dogara da shi?

A'a. Babu wata hukumar magunguna da ta amince da kurkumin a matsayin maganin kowace irin sankara. A Leicester an haɗa shi da kemo, wato maganin sankara na asibiti, ga mutum 28 masu sankarar hanji da ta bazu, aka wallafa a 2019 cewa jiki yana jure haɗin, amma gwajin an tsara shi ne don duba aminci, kuma yawan mutanen bai kai a ce ya tsawaita rai ba.

Haɗarin barin asibiti kuwa an auna shi. Masu bincike a Jami'ar Yale sun bibiyi mutum 281 masu sankarar da ba ta bazu ba, waɗanda suka zaɓi magungunan da ba na asibiti ba kaɗai, suka kwatanta su da mutum 560 da suka karɓi maganin asibiti. Haɗarin mutuwa ya ninka sau biyu da rabi a wajen na farkon, ga masu sankarar babban hanji kuwa ya haura ninki huɗu. Dalilin a fili yake: sankarar hanji tana cikin waɗanda tiyata ke warkarwa idan an kama ta da wuri, inda kusan 9 cikin 10 ke kaiwa shekara biyar a raye, amma idan ta kai hanta ko huhu sai adadin ya faɗo ƙasa da 2 cikin 10.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Likitocin tiyata a asibitocin koyarwa na Najeriya sun daɗe suna bayar da rahoton cewa yawancin masu wannan ciwo suna zuwa ne bayan ya yi nisa, kuma da yawansu ba su kai shekara 50 ba. A al'adarmu duk jinin da ya fito ta dubura basir ake kiransa, ga kunyar a duba wurin, ga masu lasifika a tasha da kasuwa suna tallan maganinsa, sai mutum ya shekara yana jiƙe-jiƙe. Jini a bayan gida, sauyin yanayin fita da ya wuce 'yan makonni, jin kamar ba a gama ba bayan an zaga, rama ba dalili, ko ƙarancin jini ga namiji ko macen da ta daina al'ada, kowanne ya isa a je a duba. Wanda kuma yake kan kemo kada ya ƙara kafson kurkumin sai da sanin likitansa, domin yana iya taɓa yadda hanta ke sarrafa wasu magungunan.

To me ya sa ake ganin dubban makaloli na kimiyya suna yabonsa?

Mafi yawansu a faranti ko a jikin ɓera aka yi su. Kuma kurkumin yana da wata ɗabi'a da ke yaudarar na'urorin gwaji: yana da launi mai ƙyalli, yana manne wa furotin iri-iri ba zaɓi, yana kuma rugujewa cikin mintuna a ruwan gwaji, sai a ga kamar ya yi aiki a kan kusan duk abin da aka gwada. Wasu masana haɗa magunguna a Amurka sun yi dogon nazari a kan haka a 2017, suka ja kunnen masu bincike. Akwai kuma batun amana. Bharat Aggarwal, wanda ya yi aiki a cibiyar sankara ta MD Anderson a Texas kuma yana cikin waɗanda suka fi tallata kurkumin a kan sankara, mujallu sun janye makalolinsa sama da 20 saboda hotunan sakamako da aka maimaita ko aka yi wa kwaskwarima. Wannan bai rushe gwaje-gwajen Japan da Isra'ila ba, domin wasu mutane ne daban suka yi su, amma yana nuna cewa yawan makaloli ba shi ne ƙarfin hujja ba.

Idan aka yawaita kurkur a miya ko shayi, ya wadatar?

Lissafin ba ya kaiwa. Ƙaramin cokali na garin gangamau kimanin giram 3 ne, kurkumin da ke cikinsa kimanin miligiram 100 ne. Kafin a kai giram 3 na gwajin 2015 sai an sha kusan cokali 30 a rana, abin da babu cikin da zai ɗauka. Kurkur a shinkafa ko miya abinci ne mai kyau, a ci shi a matsayinsa na abinci.

Shawarar da ake yawan bayarwa ta haɗa shi da masoro ta samo asali ne daga wani ƙaramin gwaji a Bangalore a 1998, inda miligiram 20 na sinadarin fiferin da ke cikin masoro ya ninka kurkumin da ke shiga jini sau 20. Ga mai ciwon hanji wannan ba lallai riba ba ce, tun da a cikin hanji ake son sinadarin ya tsaya, kuma kamar yadda za a gani, ƙara tsotsarsa yana da nasa farashin.

Yana da illa?

A adadin girki, babu abin damuwa ga yawancin mutane. Kafso kuwa wani abu ne daban. Kwamitin haɗin gwiwa na hukumomin lafiya da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙayyade miligiram 3 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato miligiram 180 ga mai kilo 60, alhali yawancin gwaje-gwajen hanji sun ninka wannan fiye da sau goma, a ƙarƙashin kulawar likitoci. Illolin da aka fi gani su ne tashin zuciya, kumburin ciki, gudawa, da bayan gida mai launin rawaya.

Mafi hatsari ita ce hanta. A Italiya a 2019 an samu mutum sama da 20 da ciwon hanta bayan shan kafson gangamau. A Amurka wani rahoto ya kawo mutum 10, aka kwantar da 5, ɗaya ya rasu, kuma an tarar da fiferin a wasu daga cikin kafson da aka bincika, an kuma ga yawancin majiyyatan suna ɗauke da wani nau'in gado guda da ke sa garkuwar jikinsu ta yi wa sinadarin bore. Hukumar magunguna ta Ostireliya ma ta fitar da gargaɗi a 2023. A yankin da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa kamar namu, kuma da yawan masu shi ba su san suna da shi ba, wannan ba abin wasa ba ne. Duk wanda ya fara sha ya ga idonsa ya yi rawaya irin na shawara, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko ƙaiƙayi da kasala sun kama shi, ya daina nan take ya je a auna hantarsa.

Sauran waɗanda ya kamata su yi hattara su ne masu shan maganin tsinka jini kamar wafarin, masu tsakuwa a matsarmama, masu tsakuwar ƙoda, masu ƙarancin jini (domin yana kama sinadarin ƙarfe ya hana jiki tsotsa, ga shi kuwa mai gyambon hanji da ma jininsa a ƙasa yake), da mata masu ciki ko shayarwa. Yin allurarsa ta jijiya kuwa ya taɓa kashe wata mata a California a 2017.

Akwai kuma algus. A Bangladesh, binciken Jami'ar Stanford na 2019 ya gano ana goga wa saiwar wani fenti mai ɗauke da dalma don ta yi rawaya shar a idon mai saye, kuma an danganta hakan da yawan dalma a jinin mutanen karkara. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Sayen ɗanyar saiwa a wanke, a shanya, a daka a gida ya fi kwanciyar hankali a kan garin da launinsa ya yi ƙyalli fiye da kima.

Ba saboda kurkur ne Indiyawa ba sa yawan samun sankarar hanji ba?

Gaskiya ne adadin a Indiya ya yi ƙasa da na Turai da Amurka, amma haka yake a ƙasashe da dama na Afirka inda ba a cin kurkur sosai. Ƙarancin cin nama, yawan hatsi da wake, yawan matasa a cikin al'umma, da ƙarancin gwaji da rajistar masu ciwo, duk suna da hannu, kuma adadin yana hawa a biranen Indiya ba tare da an daina sa kurkur a girki ba.

Akwai wasu tsirran gargajiya da aka gwada a kan waɗannan cututtuka?

Akwai biyu daga maganin gargajiya na Sin da suka cancanci ambato. Na farko shi ne berberin, sinadari mai ɗaci daga saiwar da Sinawa ke kira huanglian, wadda suka daɗe suna sha don gudawa. A asibitoci 7 na Sin an gwada shi a kan mutum 1,108 da aka cire wa tsiron hanji, giram 0.3 sau biyu a rana, kuma sakamakon 2020 ya nuna tsiron ya sake fitowa ga kashi 36 cikin 100 na masu berberin, da kashi 47 na masu ƙwayar wofi. Ta fuskar rigakafin tsiro wannan hujja ta fi duk ta kurkumin girma, ko da yake abin da aka auna dawowar tsiro ne, ba kamuwa da sankara ba.

Na biyu shi ne garin shuni na tsirrai da ake kira cindai. A Japan, gwajin 2018 a kan mutum 86 masu gyambon babban hanji ya nuna sauƙi ga kashi 70 zuwa 81 cikin 100, a kan kashi 14 na ƙwayar wofi, amma aka tsayar da gwajin bayan rahoton wani da ya saya da kansa ya sha tsawon watanni ya kamu da hawan jinin jijiyoyin huhu, cuta mai iya kisa. Shunin marina irin na Ƙofar Mata ba shi ne wannan ba, tsirran daban ne, kuma na rini ana haɗa shi da abubuwan da ba na ci ba ne.

Idan kwalba tana ɗauke da lambar NAFDAC, ba shi ke nan an tabbatar da maganin ba?

Ga yawancin magungunan gargajiya, lambar tana nufin an duba cewa kayan ba su ɗauke da guba a fili, ba ta nufin an gwada an ga suna warkarwa. Shi ya sa a jikin irin waɗannan kwalabe akan ga rubutu da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Mai gyambon babban hanji da ke son gwadawa, yaya zai yi?

Da farko ya tabbata an gano ciwon da kolonoskofi, an kuma kawar da amiba da tarin fuka. Sannan ya kai wa likitansa kwalbar da yake niyyar sha, a karanta tare: miligiram nawa ne na kurkumin a kowane kafso, domin wasu nauyin garin saiwa suke rubutawa, kuma shin an haɗa da fiferin ko wata dabarar ƙara tsotsa, tun da gwaje-gwajen 2006 da 2015 da zallar sinadarin aka yi su. A auna hantarsa da jininsa kafin ya fara, a sake aunawa bayan 'yan makonni. Ya ci gaba da mesalazin ɗinsa ba ragi, ya riƙa rubuta sau nawa yake zagawa a yini da ko akwai jini, domin a samu abin kwatantawa. Idan wata ɗaya zuwa biyu suka wuce babu sauyi, babu dalilin ci gaba da kashe kuɗi, idan kuma ciwon ya ƙaru ya koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba shi ba. Wanda za a yi wa tiyata, ko za a tsinki nama a hanjinsa, ya sanar da likita yana sha, domin akan bukaci a dakatar da kafson kimanin mako biyu kafin ranar aikin.